Wa Ya Tambayi Wadda Ta Daina Zuwa?

A mako na uku da fara yi wa gwaggona gashin ciwon daji a asibiti, wata yarinya mai farar riga ta zo ta tsuguna a gabanta da takarda da biro. Ta ce ita ɗaliba ce, ana bincike ne don a san ko marasa lafiya sun gamsu da yadda ake kula da su a sashen. Takardar da Turanci take, yarinyar tana karantawa tana juyawa zuwa Hausa gwargwadon iyawarta.

"Mama, yaya kika ga tarbar da ma'aikata suke yi miki?"

"Alhamdulillahi, 'yan mata. Allah ya saka musu da alheri."

"Jiran layi fa?"

"To, ai sai haƙuri. Mun gode Allah."

"An yi miki bayanin ciwon da maganin yadda kika fahimta?"

"Su ne masana. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari."

Ni idona na kan biron. Duk amsar da ta fito sai ya sauka a gidan ƙarshe, gidan "na gamsu ƙwarai". Ban ga laifin yarinyar ba, me za ta rubuta wa tsohuwar da ke ta sa mata albarka? A daidai lokacin nan kuwa Gwaggo ta fi awa biyu tana matse da fitsari. Masu sankarar bakin mahaifa akan ce su sha ruwa kafin su shiga ɗakin na'ura, domin idan mafitsara ta cika takan ture hanji gefe, hasken ba zai same shi sosai ba. Ta sha ruwanta a kan lokaci kamar yadda aka ce, layin ne ya ƙi motsi. Tana tsoron ta tashi ta zaga a kira sunanta ba ta nan, tana kuma tsoron a ce sai ta sake sha ta sake jira. Da daddare, a ɗakin da muka kama haya a bayan asibitin, ta juya fuska bango ta ce, "Uwata, yau na ga ta kaina." Haka take kirana, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba zan kama sunan asibitin ba, don abin da na gani a can ba nasa ne shi kaɗai ba. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na ji an ce bincike ya nuna yawancin masu ciwon daji sun gamsu da kulawar da ake ba su, sai biron nan ya faɗo mini a rai. Ra'ayina shi ne, irin wannan tambayar, a irin wannan wurin, da irin wannan takardar, tarbiyyar mutanenmu take aunawa. Aikin asibitin kuwa yana can gefe ba a taɓa shi ba.

Bahaushe ko a bakin mutuwa yake ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka koya masa amsa gaisuwa, kuma yana ganin kokawa da ciwo kamar butulce wa Ubangiji ne. Sai a haɗa da kara. Wanda ke riƙe da katinka, wanda gobe ma a hannunsa za ka kwanta, ba ka buɗe baki ka ce ya gaza. Sai kuma a haɗa da abin da ya fi duka nauyi: matar da ta shafe watanni tana jiran a kira ta, ta ga waɗanda suka mutu kafin layi ya zo kansu, in ta samu shiga ɗakin nan ai gani take an yi mata alfarma. Da babu gara ba daɗi. Takardun auna gamsuwa da ake amfani da su, irin waɗanda ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai, EORTC, ta tsara har da na masu zuwa asibiti su koma gida, an yi su da ilimi da kyakkyawar niyya. Sai dai majinyacin da aka ɗinka su dominsa mutum ne da ke ɗaukar magani a matsayin haƙƙinsa, inshora ko gwamnati ta biya masa, shi zai karanta da kansa ya cike a keɓe, kuma bai ga abin kunya ba in ya ba likita maki biyu cikin biyar. Ba wannan ce ke zaune a kan bencin da na sani ba.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, in dai ana samun magani? Abin damuwar yana cikin yadda shi gashin yake.

Kalmar ma kanta tana razana mutane. Gwaggo ta ɗauka irin gashin jego ne, a kwantar da mace a gadon ƙasa a hura wuta a ƙarƙashi. Ranar farko da ta fito sai ta raɗa mini, "Anya sun kunna kuwa? Ni ban ji komai ba." Babu abin da za a ji. Haske ne dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ana saita shi a kan ciwon ya lalata ƙwayoyinsa yadda ba za su iya hayayyafa ba. Ba a bayar da shi gaba ɗaya, domin naman jiki mai lafiya ma yana shan nasa rabon. Sai a rarraba shi kaɗan-kaɗan, Litinin zuwa Juma'a, kullum 'yan mintoci, jiki ya samu dare ya farfaɗo. Mai sankarar bakin mahaifa yawanci takan yi zuwa 25 cikin mako biyar, sau da yawa tare da ƙarin ruwan kemo sau ɗaya a mako, sannan a bi da gashin ciki, wanda ake sa sinadarin hasken dab da ciwon. Likitoci suna so a gama duka cikin mako takwas. Sun daɗe da sanin cewa ƙwayoyin ciwon da suka rage suna ƙara saurin yaɗuwa idan aka yi tsaiko, har wasu nazarce-nazarce suka kimanta cewa kowace rana da ta ƙaru a kan wa'adin tana rage damar shawo kan ciwon da kusan kashi 1 cikin 100.

Ke nan maganin nan sai majinyaci ya dawo gobe, ya dawo jibi, ya dawo gata, da ƙafarsa da kuɗin motarsa. Wanda aka yi wa tiyata yana kwance a gado, ko ya ji haushi ba inda za shi. Mai gashi kuwa kowace safiya sai ya sake yanke shawarar zuwa. Duk abin da ke sa zuciyarsa ta karaya, tsawar da aka daka masa jiya, wunin da ya yi a benci, fatar da ta fara saluɓewa ba wanda ya gaya masa za ta yi haka, duk suna cikin abin da zai auna da asuba kafin ya ɗaura zani ko ya sa hula. A gida kuma akwai masu jiransa da maganar da kowa ya sani, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, ga wani mai magani can ƙauye da ya warkar da wance. Mai maganin nan zai shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi da harshensa, ya ba shi lokaci. Da shi asibiti ke takara, ko ya sani ko bai sani ba.

A bencinmu akwai wata mata mai ciwon mama, daga can gabas, tafiyar yini guda a mota. Ɗanta saurayi ne ke jinyarta. Kullum su suke riga kowa zuwa, tana ɗauke da kwanon fura da ba ta iya sha sai ta miƙa wa na kusa. Ɗan ya gaya mini sun sayar da awaki, sun jinginar da gona. Wata Talata muka iso muka tarar da takarda manne a ƙofa: na'ura ta samu matsala. Aka ce injiniya yana hanya. Washegari aka ce ya zo, amma abin da ya lalace sai an kawo daga waje. Ba wanda ya iya cewa ga ranar. Kullum sai mu zo mu duba ƙofa mu koma, alhali lambar wayar kowa tana rubuce a katinsa. Matar nan da ɗanta suka yi kwana huɗu suna biyan kuɗin ɗaki da na abinci ba a yi musu komai ba, a na biyar ɗan ya ce za su je gida su ɗan nemo wani abu su dawo. Na'ura ta tashi bayan kwana tara. Su ba su dawo ba.

Ɗalibar nan da takardarta ba za ta taɓa haɗuwa da wannan matar ba. Wanda ke zaune a benci ranar da aka zo tambaya shi ake tambaya, wato wanda kuɗinsa bai ƙare ba, wanda ke da ɗan'uwa a gari, wanda haƙurinsa bai tsinke ba. Kamar a tsaya a bakin gulbi ne a tambayi waɗanda suka haye ko kwalekwalen yana da kyau. Wannan gibin ya fi na kara da kunya girma, kuma ba a toshe shi da gyara fassarar tambayoyi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, wadda ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna ana samun sababbin masu cutar fiye da dubu 120 a shekara, kusan dubu 80 kuma suna mutuwa, ba ta kai matsayin zancen gamsuwa ba tukuna. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, na'urorin kuwa 'yan ƙalilan ne. Shekara da shekaru duk faɗin Arewa ba a wuce Shika ta Zariya da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ba in ana zancen babbar na'ura. Maƙwabtanmu na Nijar sai a 2021 suka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai ɗari ba, kuma ana ta kwashe su zuwa Ingila da Saudiyya. A sayo na'ura tukuna, in ji masu wannan magana, murmushi ya biyo baya.

A sayo, mana. Na yi murna da cibiyoyin da aka buɗe a 2025 a Katsina da Inugu da Benin, kamar yadda aka yi murna da ta asibitin koyarwa na Legas a 2019. Amma na'urar da ta ci biliyoyin naira, in majinyaci ya yi zuwa 12 cikin 25 ya gudu, an ƙona wuta da dizal da lokacin ma'aikata, an ba shi wahalar maganin, an hana shi amfaninsa, an kuma tare gurbin wani. Inda na'ura ta yi ƙaranci, a nan ne ma bai kamata a yi asarar ko mutum ɗaya a tsakiyar hanya ba. Kuma yawancin abin da ke korar mutane ba a sayensa da dala.

Ga misali. Makonni biyu Gwaggo ba ta yarda ta ɗauki jikarta ba, ta ware kwanonta da kofinta, wai kada hasken da ke jikinta ya shafi yarinya. Wata ce a benci ta gaya mata haka. Gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jiki, da an kashe na'ura shi ke nan, mutum zai iya rungumar jariri a bakin ƙofar ɗakin. Magana ce ta minti ɗaya, ba wanda ya yi mata ita. Haka zanen da aka yi mata a fata don saita na'ura: an ce kada ya goge, ba a ce ga yadda za ta yi wanka ba, sai ta koma tana shafa ruwa da tsumma tana zullumin ko tsarkinta ya inganta. Da azumi ya matso, tambayar kowa a benci ita ce ko mai gashi zai iya ɗauka, kowa kuma na ba wani fatawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, a kuma lura da ko ya yi karatu. Kundin haƙƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya maimaita haka. Na gan shi a jikin bango, da Turanci, a saman kan mutanen da ba sa karanta boko.

Kada a ce ban ga alheri ba. Akwai wani ma'aikacin na'ura, ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ma a karkace take. Kafin ya shigo sai ya ƙwanƙwasa, ya bari nas mace ta gyara wa Gwaggo kwanciya, ya tabbatar an rufe mata duk inda ba a buƙata, sannan ya ce, "Mama, sannu, kar ki motsa, yanzu za mu gama." Macen da ta haifi tara a ɗakinta ba namijin da ya taɓa ganin cinyarta sai mijinta, a kwantar da ita a gaban baƙi, wanda bai san wannan nauyin ba ba zai gane darajar ƙyallen nan ba. Har yau in ta tuna asibitin shi take fara yi wa addu'a. Abin takaicin, a takardar ɗalibar nan makinsa ɗaya da na wadda ke jefo kati ta taga ba ta ɗaga kai ba. Duka "na gamsu ƙwarai". Takardar da ba ta iya bambanta waɗannan biyun ba, ta zalunci na kirkin, kuma ba ta koya wa shugaban sashe komai ba. Su ma ma'aikatan, mutum uku suna aikin mutum goma tun safe har bayan isha'i, in an auna da gaskiya ai hujja ce a hannunsu ta neman ƙari.

To yaya za a tambaya? A daina tambayar Bahaushiya ko ta gamsu. A tambaye ta ƙarfe nawa ta iso, ƙarfe nawa aka kira ta, in ba ta duba agogo ba ta san ko kafin azahar ne ko bayan la'asar. A tambaye ta saura zuwa nawa ta gama; in ba ta sani ba, an samu amsar ko an yi mata bayani. A ce me aka ce ki yi in fatar ta yi ja ko gudawa ta kama ki? Ina kika kwana jiya? Me aka sayar a gida kafin a zo? Irin waɗannan ba sa buƙatar ta kushe kowa, labari kawai za ta bayar, kuma mutanenmu ba sa rowar labari. Mai tambayar kada ya sa farar riga, kada ya yi ta a ƙofar ɗakin na'ura inda ma'aikata ke ji. A ja mai jinya gefe shi ma, don shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ake aika sayo magani a waje, kuma bakinsa ya fi sakewa.

Sama da duka, akwai lissafin da ba ya buƙatar tambayar kowa. Mutum nawa suka fara gashi a wannan wata, nawa suka gama, nawa suka gama cikin wa'adi, kwana nawa na'ura ta yi a kwance. Duk yana cikin rajistar sashe. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda ta fara aiki a 2023, tana da hurumin ta nemi kowace cibiyar gashi ta riƙa fitar da waɗannan alƙaluma, na gwamnati da na 'yan kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka ga inda mutane ke zubewa, za a san ko masauki ne za a gina kusa da asibiti, ko yarjejeniyar gyaran na'ura ce za a sake, ko kuwa Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 domin masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate) ne labarinsa bai isa benci ba. Mu kanmu a bakin wata mai jinya muka ji shi, bayan mun riga mun biya.

Za a kuma ga amfanin gajarta zuwan inda ilimi ya yarda. A Ingila an daɗe da mayar da gashin mama daga zuwa 25 zuwa 15 cikin mako uku, kuma wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2020 ya nuna zuwa biyar cikin mako ɗaya ya wadatar ga mata da yawa masu ciwon da bai yi nisa ba. Ciwon da ya bazu ya kama ƙashi kuwa, sau da yawa gashi ɗaya tak yana rage zafinsa. Ba kowa wannan ya dace da shi ba, likita ne zai duba, musamman da yake namu sukan zo ciwo ya riga ya ci jiki. Amma ga wadda ke biyan kuɗin ɗaki kullum da kuɗin akuya, bambancin mako biyar da mako uku shi ne bambancin gamawa da gudu.

Gwaggo ta gama nata a mako na goma maimakon na takwas. Tana nan da ranta, muna komawa ganin likita, kuma in ka tambaye ta yau za ta ce alhamdulillahi, da gaske take kuma. Ba na so a raba ta da wannan kalmar. Roƙona ga mai karatu, in kana jinyar wani aka zo da takarda, ka bar tsohuwa ta gama sa albarkarta, sannan ka ce a rubuta awa nawa kuka yi a benci. Ku kuma shugabannin sassan gashi, matar nan ta gabas katinta yana cikin kabad ɗinku, lambar ɗanta tana rubuce a sama. Ku sa wani ya kira.